Keke mai batir da ya raba kayan Inna a Birnin Kebbi

Wata bakwai kayan Inna suka yi a kulle a ɗakinta na gidanmu da ke Badariya bayan rasuwarta, Allah Ya jiƙanta. An raba gado, kowa ya ɗauki nasa, abin da ya rage kuma mu huɗu muka amince a bayar sadaka, ladan ya isa gare ta. Waɗanda za a ba ma mun san su ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin dako ne ya tsayar da mu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuma duk mai abin hawa a kan wanda ya ɗauke shi haya yake fanshewa. Mai akori-kura da muka fara kira ya yanka mana kuɗin da ya kusa sayen gadon ƙarfen da zai ɗauka. Muka ce a bari sai an samu sarari. Kafin sararin ya zo, gara ta cinye gindin akwati guda, ɓera kuma ya yi gida a cikin katifa. Ranar da na buɗe ɗakin na ga haka, sai da na yi kuka.

Maƙwabciyata ce ta ba ni labarin wani matashi mai keken ɗaukar kaya da ba ya shan mai, caji ake yi masa kamar waya. Na taɓa jin batun tasi masu lantarki da aka ƙaddamar a Maiduguri a Disambar 2023, amma ban zaci irin wannan ya iso unguwarmu ba. Na kira shi da daddare, muka yi ciniki a kan sawu uku: unguwannin Takalau, Makerar Gandu da Rafin Atiku. Abin da ya nema bai kai rabin na mai akori-kura ba.

Ban ji isowarsa ba. Ina tsakar gida ina sauraren ƙarar inji, sai sallama na ji a zaure: "Hajiya, ga ni na iso, mi za a fara ɗauka?" Keken mai ƙafa uku ne, bayansa akwatin ƙarfe buɗaɗɗe, batirin yana ƙarƙashin kujera. Babu salansa, babu fulogi, ba a yi masa juyen baƙin mai. Ya shigo da bayansa har bakin zaure, kuma duk tsawon lodin babu wanda ya shaƙi hayaƙi. Ni da ke da ɗa mai asma, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin ko babur aka tayar a zauren nan sai yaron ya kwana yana tari.

Kwana biyu kafin nan muka zauna tantance kaya, kuma nan ne aikin ya fi nauyi. Yayanmu ya tuna mana aya ta 267 a Suratul Baƙara, wadda ta hana mutum ya zaɓi mummunan abin da shi kansa ba zai karɓa ba ya ce shi ne sadakarsa. Saboda haka katifar da ɓera ya ɓata ba ta shiga ba. Kwallaye da samiru aka wanke tas, zannuwa aka kai wanki da guga, keken ɗinkinta na ƙafa aka kira mai gyara ya sa masa mai da sabon bel. Tukwanen da suka huje da tsohon rishon da ya yi tsatsa 'yan gwangwan suka auna suka saya, kuɗin muka zuba a na dako. Da mun bi yadda aka saba, da rabin kayan nan a bola ko a magudanar ruwa zai ƙare, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shigo wa mutane gida.

Sawun farko na bi shi da kaina, ina zaune gefensa. A kan kwalta keken lafiya lau yake tafiya, babu jijjiga, har muna hira ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce abin da ya fi tsoro zafin rana ne, domin batir ba ya son zafi, shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, ba ya karɓar aiki tsakanin azahar da la'asar. Ko da muka tsaya sauke kaya, sai da ya nemi inuwar dalbejiya ya ajiye shi.

A Takalau muka sauke keken ɗinkin wa wata bazawara mai 'ya'ya biyar da ta koyi ɗinki amma sai ta je gidan wata take aron keke. Ta taka shi sau biyu, ta ji yadda yake juyawa, ta ɗago ta ce, "Ɗiyata, Allah Ya haskaka kabarin mai shi." Addu'ar nan ta makara da wata bakwai, kuma kuɗin mota ne kawai ya jinkirta ta.

Amma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma duk mai niyyar ɗaukarsa ya kamata ya sani. Da muka bar kwalta muka shiga lungu mai yashi, keken ya kasa ja da kaya, sai da yaran unguwa suka tura. Shirun nasa ma yana da haɗari a irin waɗannan lungunan: awaki ba sa kaucewa, wata yarinya mai talla kuma saura kaɗan ya buge ta don ba ta ji zuwansa ba. Na ce masa, "Ɗana, hannunka kada ya bar oda." Bayan keken ƙarfe ne tsirara, babu ko tsumma a shimfiɗe, don haka randar Inna ta tsage kafin a isa Makerar Gandu. Da ya zo da buhunan shimfiɗa da igiya isasshiya, da hakan bai faru ba, kuma na gaya masa.

Babbar matsalar ta zo a sawu na uku. An ɗauke wuta a daren da ya gabata, bai cika batir ba, kuma bai faɗa mini da safe ba. Ana gama sawu na biyu cajin ya yi ƙasa, ya tafi wani shago mai sola ya jona, muka zauna da gado da kabad a ƙofar gida har bayan la'asar. Rashin faɗar ne ya ɓata mini rai fiye da jiran. Abu ɗaya da na yaba masa shi ne da wani ya ce ya je a tayar masa da janareto, ya ƙi. Ya ce idan da fetur zai yi caji, to ribar ta tafi, hayaƙin ma wuri kawai ya sauya.

Don aikin cikin gari, kaya matsakaita, zan sake kiransa. Na tambaye shi ko zai kai wasu buhunan tufafi Jega wurin dangin Inna, ya ce ba zai yi alkawarin zuwa da dawowa da caji ɗaya ba, gara in sa su a mota daga tasha. Wanda zai ɗauke shi ya tambaye shi tun da safe ko batir a cike yake, ya fara da wuri mafi nisa, abin fashewa kuma ya naɗe shi da kansa.

Matan layinmu uku sun riga sun karɓi lambarsa. Mun shirya ranar Asabar mai zuwa za mu haɗa littattafan makaranta da yunifom ɗin da yaranmu suka girme wa, a yi musu sawu ɗaya, mu raba kuɗin.