Kuɗi Hannu, NHIA ko HMO: Wanne Ya Fi Rage Kuɗin Asibiti?

Marasa lafiya biyu za su sha magani iri ɗaya a asibiti ɗaya, wannan ya biya naira 20,000, wancan ya biya 2,000. Ba son kai ba ne. Na biyun yana da katin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta Najeriya, inda mai rajista ke biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai. Sai dai sauƙin nan yana da sharuɗɗa, kuma a nan mutane ke tuntuɓe.

NHIA ita ce ta gaji tsohon tsarin inshorar lafiya na NHIS bayan dokar 2022. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana shiga da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Sauran iyali sai an biya musu daban. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu yana iya shiga ta GIFSHIP, tsarin NHIA na ɗaiɗaikun mutane, iyalai da ƙungiyoyi, ya biya na shekara. Jihohi ma na da nasu, kamar KSCHMA a Kano.

Abin da ya kamata ka fahimta shi ne yadda ake biyan asibitin. Asibitin da ka zaɓa ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi a kanka duk wata, ko ka je ko ba ka je ba. Tiyata da ganin babban likita kuwa sai an tura ka, an karɓo lambar izini daga HMO, wato kamfanin da ke kula da inshorarka. Idan ka tsallake ka tafi babban asibiti kai tsaye, ba a gaggawa ba, kai za ka biya. Haka in likita ya rubuta maganin da ba ya cikin jerin NHIA, ko aka ce "ya ƙare", sai ka tsinci kanka a kemis. Ka roƙi likita ya rubuta sunan sinadarin maganin, ba sunan kamfani ba. Kuma kada ka jira ciwo ya zo: sabon kati ba ya aiki sai bayan lokacin jira.

Inshorar kamfanonin HMO masu zaman kansu irin su Hygeia, AXA Mansard ko Reliance ta fi tsada, amma asibitocin kuɗi sun fi yawa a jerinta. Kafin ka sa hannu, duba iyakar abin da za su biya a shekara, da iyakar tiyata. Tambayi haihuwa musamman, domin ƙananan tsare-tsare kan sa watanni kafin ta shiga. Mai ciwon suga ko hawan jini ya tabbatar an rubuta ciwonsa a takardar yarjejeniyar inshorar, maganar baki ba ta biyan kuɗi.

Mai biya daga aljihu fa? Ya nemi a rubuta masa kuɗin dalla-dalla: gado, gwaji, magani, aiki. A nan ake gano abin da aka maimaita. Asibitin kuɗi kan yi rangwame ko ya yarda a biya kashi-kashi, in an yi magana kafin aiki, ba ranar sallama ba. Asibitocin koyarwa suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya da ke duba halin mai ƙaramin ƙarfi. Masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tsofaffi su tambayi rajistar BHCPF, asusun gwamnati na kula da lafiya a matakin farko, a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarsu. Gwamnati ke biya.

Ga magidanci mai yara ƙanana, tsarin jiha ko GIFSHIP ya fi dacewa, muddin asibitin da ya zaɓa yana kusa kuma kantin maganinsa ba ya yawan zama fayau.