Cherry barb ɗin da na saya, da gyaran da ya ja min asara

Wata uku kenan da na zuba cherry barb, wasu ƙananan kifayen ado, guda takwas a tankin kifina mai lita 100, wanda dama akwai kifayen guppy da neon tetra a ciki. Ranar da na kawo su a leda wallahi raina ya ɓaci, duk sun koɗe babu ko alamar ja, suka shige bayan ganye kwana huɗu ko abinci sai na kashe fitila suke fitowa. Uwargida har tsiya take min wai kifin miya na sayo da tsada. Ashe tsoro ne. Sati biyu mazan suka rine jawur kamar tattasai, matan kuma ruwan ƙasa da baƙin zane tun daga baki har jela. Asalinsu ƙananan rafukan Sri Lanka ne masu inuwa, shi ya sa suke son ganye da duhu-duhu, kuma ba sa wuce santimita 5. Ba ruwansu da kowa.

Matsalar daga mai shagon take. Da zan tafi ya kamfato tiger barb guda biyu ya jefa min a leda wai gyara, na ce za su zauna lafiya kuwa? Ya ce haba yallaɓai ai duk barb ne. Wata safiya na tarar da namijin guppy ɗina, shuɗin nan mai jela kamar mafici, jelar ta koma tsumma. Har na fara zargin cherry ɗin, sai da na ja kujera bayan isha'i na zuba ido, na ga ƴan gyaran nan suna binsa suna yaga. Su tiger in ba su kai shida ba a kan maƙwabta suke hucewa, kuma mai shagon ya sani sarai. Kwana uku guppy ya mutu. Na mayar masa da tiger ɗinsa a bokiti yana ce min ai kyauta ce, me zan yi wa fushi.

Kuma tunda na tuna, a cherry ɗin ma maza shida ya ƙirga min da mata biyu, alhali mata ya kamata su fi yawa, yanzu matan nan ba sa hutawa da kora, ɗaya har ta rame. Kifin kam zan ƙara mata huɗu, amma a wani shagon, kuma ni zan nuna da yatsa a kamo.