Kujerar teloli mai hawa da sauka: tana da amfani, amma sai an gyara tebur da feda

A yawancin masana'antun ɗinki, ana kashe kuɗi mai yawa a kan keke, sannan a ajiye wa mai ɗinkin kujerar katako ko ta ƙarfe wadda ba ta motsi. Keke irin Juki DDL-8700 yana iya yin ɗinki har 5,500 a minti ɗaya, amma mutumin da ke gabansa yana wuni a sunkuye, ido a kan allura, ƙafa a kan feda, hannaye a miƙe. Daga nan ciwon wuya, kafaɗa da ƙugu ke tasowa. Kujerar da ake magana a kanta a nan an ƙera ta ne musamman domin wannan zaman.

Siffarta ba ta da wani ƙyale-ƙyale. Ƙafafu biyar ne da ita, da bututun iska a tsakiya wanda ke ɗaga mazauni ko sauke shi, galibi tsakanin santimita 40 zuwa 55 daga ƙasa. Majinginar tana hawa da sauka, tana kuma matsowa gaba. Abin da ya bambanta ta da kujerar ofis shi ne mazaunin: gajere ne, bakinsa na gaba ya lanƙwasa ƙasa. Tela ba ya jingina baya yana aiki, gaba yake karkata. Mazauni shimfiɗaɗɗe mai kaifin baki yana danne ƙasan cinya, ya takura jini, ƙafa ta sage ko ta kumbura kafin yamma. Mai lanƙwasa kuwa yana barin cinya ta ɗan gangara zuwa feda, ƙugu ya riƙe lanƙwasarsa ta asali, don haka ba sai an dunƙule baya ba kafin a kai ga allura.

Wannan ba daɗin bakin masu talla ba ne. Wani bincike da aka yi a kan masu ɗinki a masana'antun Los Angeles ta Amurka, wanda aka wallafa a 2007, ya nuna cewa kujera mai hawa da sauka ta rage ciwon wuya da kafaɗa, kuma mai lanƙwasasshen mazauni ta fi mai shimfiɗaɗɗe tasiri.

Sai dai inda masana'antu da yawa ke yin asara shi ne wajen saiti. A kawo kujeru, a raba, kowa ya hau yadda ya same ta. Saitin yana da tsari, kuma daga ƙasa ake farawa.

Feda ce farko. A kwance notinta a matsar da ita har tsakiyarta ta yi daidai da allura, yadda mai ɗinki zai fuskanci aikinsa kai tsaye ba tare da murɗa jiki ba. Idan ta yi nisa, zai zauna a bakin kujera ya bar majingina a banza. Idan ta yi kusa, zai ja kujera baya, ya miƙa hannu da wuya. Bayan feda sai tsayin kujera: tafin ƙafa gaba ɗaya a kan feda, gwiwa ta buɗe kaɗan fiye da digiri 90, ƙugu ya ɗan ɗara gwiwa tsayi. A bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa. Majingina kuma a ɗaga ta har tudunta ya shiga kwarin baya, wato daidai inda bel ke zama ko sama kaɗan.

Tebur ne ƙarshe, kuma shi aka fi mantawa da shi domin sai an ɗauko sifana. Ƙafafun teburin keke suna da ramuka da notoci na ƙara tsayi, aikin mutum biyu ne saboda nauyin kan keken. Saman tebur ya zo daidai gwiwar hannu idan kafaɗa tana sake. Tebur mai tsayi yana sa a ɗage kafaɗu wuni guda, mai gajarta yana sa a sunkuya. Idan teburin yana karkata, a karkato shi wajen mai ɗinki da digiri 10 zuwa 15, allura za ta fi ganuwa, wuya ya huta. Kada a manta da ƙarfen da ake turawa da gwiwa don ɗaga ƙafar keke, wato abin da ke danne yadi a ƙarƙashin allura: da zarar kujera ta canza tsayi, shi ma sai an matsar da shi ya dace da gefen gwiwa, in ba haka ba, sai a riƙa ware cinya ɗaruruwan lokuta a rana.

Yanzu ga aibinta. Mafi girma shi ne bututun iskar. Ƙurar yadi da guntayen zare suna taruwa a jikinsa, robar da ke riƙe iska ta lalace, kujera ta fara sauka da kanta a hankali har mai ita bai lura ba sai kafaɗa ta gaya masa. Kafin saye a tambayi ajin bututun, aji na 4 ya fi ƙarko, a kuma tabbatar ana samun na canji, domin jefar da kujera sukutum saboda bututu ɓarna ce. A riƙa goge shi da busasshen tsumma duk mako. Notin majingina ma yana saki, yana son ɗauri lokaci zuwa lokaci.

Wasu samfurori suna zuwa da taya. A guje su, ko a cire tayun a sa maƙalai na roba marasa gudu, domin duk danna feda kujera za ta zame baya, mai ɗinki ya riƙa tokare jiki da ƙafar hagu. Madafan hannu ma cikas ne: suna karo da bakin tebur, su hana matsowa. Rufin mazauni na leda yana da sauƙin gogewa amma yana tara gumi a ɗaki mai zafi, rufin yadi mai shan iska ya fi, ko da yake yana kama ƙura. Soso mai laushi sosai yana da daɗi a ranar farko, ya lotse cikin 'yan watanni. A danna shi da babban yatsa, idan aka ji katakon ƙasa, a bar shi.

Akwai abin da kujerar ba za ta magance ba. Idan haske bai isa ba, za a ci gaba da kai fuska kusa da allura, musamman a kan baƙin yadi, don haka ƙaramar fitila a kan keke dole ce. Ciwon wuyan hannu daga maimaita motsi ɗaya da riƙon almakashi ma yana nan. Kuma inda ake biyan kuɗi gwargwadon abin da aka ɗinka, ba wanda zai yarda ya tsaya saitin kujera ko miƙe jiki, sai shugaban layi ya ware lokacin, a biya shi. Inda mutum biyu ke karɓa-karɓa a keke ɗaya, a yi wa kowa alama da fenti a jikin majingina, a rubuta tsayin mazauninsa a takarda a liƙa a gefen tebur.

Masana'antar da za ta saya ta fara da kujeru kaɗan a layi ɗaya, a sa dogo da gajere su yi aiki a kai na wata guda, a ji ta bakinsu kafin a yi odar sauran.