Na Sa wa Lasifikan Injin Pinball Ɗina Fitilu: Ga Abin da Na Gani Bayan Wata Biyu

Duk wanda ke buga pinball (injin wasa da ake buga ƙaramar ƙwallon ƙarfe a kan karkataccen fili da gilashi ya rufe) da dare ya san wurin nan mai duhu a ƙasan akwatin baya, wato akwatin da ke tsaye a ƙarshen injin. Hoton sama yana haske, filin wasa yana haske, allon LCD ma haka, amma ramukan lasifika biyu na dama da hagu baƙi ƙirin. Na daɗe abin yana tsone min ido. Shi ya sa na sayi kayan fitilun LED da ake zagaye lasifika da su, na sa wa injina, ƙirar kamfanin Stern mai tsarin lantarki da ake kira Spike 2.

Abin da ke cikin kwalin ba shi da yawa: zobba biyu na roba da aka liƙa wa zirin fitilu a ciki, ɗan akwatin sarrafa launi, rimot, wayoyi da dogayen kusoshi. Takardar bayanin ce ba ta gamsar da ni ba. Hotunan ƙanana ne, kuma ba a nuna inda waya za ta bi ba.

Aikin ya ci min kusan awa ɗaya da rabi, rabinsa a kan lasifikar farko. Na cire injin daga wuta gaba ɗaya, na buɗe allon lasifika, na kwance notuna huɗu da ke riƙe da kowace lasifika mai inci 4. Tsakanin lasifika da ragar ƙarfe akwai baƙin soso, kuma dole ya fita, don in yana nan haske ba zai ratsa ba. Zoben yana shiga gurbinsa, lasifika ta hau kansa. A nan a yi hattara da sukudireba. Maganaɗisun lasifika yana fizgar ƙarfe, kuma takardar fuskarta ba ta jure hudawa ko kaɗan.

Maganar wuta ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Fitilun volt 12 suke sha. Shi kuwa tsarin Spike volt 48 yake rarraba wa ƙananan allunan da ke sarrafa fitilu da makunnai a ƙarƙashin filin wasa, kuma waɗannan alluna ba sa yafe kuskuren haɗa waya. Ban yarda in jingina kayan ado a kansu ba. Na ba fitilun tasu adafta daban. Illar hakan ita ce ba sa mutuwa tare da injin. Sau biyu ina tashi da safe in tarar sun kwana a kunne. Daga baya na haɗa injin da adaftar a kan soket ɗaya mai makunni, magana ta ƙare.

Da na kunna a karon farko, gaskiya na ji daɗi har raina. Hasken ya kwanta a kan fuskar lasifikar, ya fito da zurfinta, gaban injin ya zama abu guda daga sama har ƙasa. Na tsaya kallo na ɗan lokaci kafin ma in danna maɓallin fara wasa.

Sai da na fara wasan na gane inda gizo ke saƙa. Gilashin da ke rufe filin wasa a karkace yake, daidai ƙarƙashin lasifikan, don haka duk hasken da suka fitar yana dawowa idon mai wasa. Zobba biyu masu ƙyalli suka bayyana a kan gilashin, a saman filin, wurin da ƙwallo ke fitowa daga gangara da gudu. Ƙwallon pinball ƙarfe ne mai sheƙi, faɗinsa inci ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma idan ya shiga cikin wannan ƙyalli sai ya ɓace maka na ƙiftawar ido. Wannan ƙiftawar ta isa ka makara wurin ɗaga filifa, wato ɗan hannun da ake mayar da ƙwallo sama da shi. Tsarin da launuka ke canzawa da kansu ya fi muni, domin ido yana bin duk abin da ke motsi, ko kana so ko ba ka so. A daren nan na rasa ƙwallaye da ban saba rasawa ba, har na yi tunanin kwance kayan.

Abin da ya cece su shi ne maɓallin rage haske. Na sauke shi zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku, na tsayar da shi a kan launi ɗaya, ja mai duhu wanda ya dace da zanen injin. Ja ba ya dukan ido a ɗaki mai duhu kamar fari ko shuɗi. Ƙyallin bai tafi ɗungurungum ba, amma ya koma inuwa-inuwa, ba ya hana ni ganin ƙwallo. Masu gilashin da ke rage ƙyalli za su fi ni samun sauƙi a nan.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Rimot ɗin irin na talabijin ne, sai ya ga idon akwatin sarrafawa kafin ya yi aiki, shi kuma idon yana cikin akwatin baya, don haka na leƙo da shi ta gefen raga. Bayan sati uku gam ɗin zirin hagu ya saki saboda ɗumin ciki, na sake liƙe shi da tef mai fuska biyu mai ƙarfi. Sauti bai canza a kunnena ba, sai wata 'yar karkarwa da na riƙa ji idan ƙarar ta yi kauri, wadda ta ɓace da na ƙara ɗaure noti ɗaya.

Zan sake saya? E, amma sai mai maɓallin rage haske kuma mai tuna launin da aka bar shi a kai bayan an kashe. Nawa yana tunawa, kuma tun daren da na tsayar da shi a kan jan nan ban sake taɓa rimot ɗin ba.