Badagry ko Mambila: wanne ya fi ga mai ƙaramin guzuri?

Malam, na ga tambayarka ta jiya. Ka ce kana da hutun mako guda a watan Disamba, abin da ka tara bai taka kara ya karya ba, kuma ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin zuwa Badagry ka ga teku da hawa tsaunin Mambila. Allah Ya sa na taka duka biyun daga nan Kaduna, don haka ga yadda na same su.

Ta fuskar hanya, Badagry ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka shiga motar Legas a Mando, in ka sauka ka nemi Mile 2, daga nan motocin Badagry ba sa yankewa. Mambila kuwa sai ka shirya wa zama a mota. Ni sai da na kwana a Jalingo, da asuba muka kama hanyar Bali, muka wuce Serti, kafin mu kai Mayo Selbe a gindin dutse. Ka lissafa kwana biyu zuwa, biyu dawowa, saura uku ke nan a sama. Kuma don Allah ko wacce ka zaɓa, ka nemi motar safe, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a makon da za ka tashi.

To amma kuɗin mota ba shi ne ke karya matafiyi ba, abin da ke biyo bayan sauka ne. A Legas komai da farashinsa. Masauki ya yi tsada, balle a Disamba da 'yan hutu ke cika garin. A Badagry kowace ƙofa za ka biya: gidan bene na farko da mishan suka gina a 1845, gidan Seriki Abass inda aka riƙa tsare bayi, sannan kuɗin kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, ga mai yi maka bayani yana jiran nasa. Ɗaya-ɗaya ba su da yawa, sai da yamma ka zauna lissafi ka ga aljihu ya yi sauƙi. A Gembu kuwa, babban garin Mambila, da zarar ka biya ɗaki ka yi ciniki da ɗan acaɓa na yini, kusan ka gama. Tuddai da shanu da iska babu mai karɓar kuɗin kallonsu. Abinci ma irin namu ne, tuwon masara da nono, ga ayaba da fiya a araha, kuma da Hausa za ka yi cinikinka, in ka iya gaisuwar Fulatanci ka ƙara samun shiga.

Ba na so in rage wa Badagry daraja, domin ta taɓa ni. A gidan Seriki Abass an miƙo mini sarƙar da ake sa wa bayi a wuya, na ɗaga da hannu biyu, nauyinta ya sa na yi shiru. Daga nan muka ƙetare ruwa zuwa Gberefu, muka taka rairayi tsakanin itatuwan kwakwa har bakin teku, hanyar da bayin suka bi zuwa jiragen da ba a dawowa daga cikinsu. Ga wanda ya tashi yana ganin kogin Kaduna a matsayin babban ruwa, ranar da ya tsaya gaban teku ba ya manta ta. Sai dai duk wannan yini ɗaya ya ishe shi, biyu in ka yi a hankali. Sauran kwanakin a cunkoson Legas za ka ƙarar da su, kana biyan kuɗin ɗaki.

Mambila kuwa hawan kansa ma kallo ne. Daga Mayo Selbe hanya take naɗewa a jikin dutse kamar rawani, direba ya sa giya ƙarama, mota tana nishi, kunnuwa suna toshewa. Ina zaune da riga shara-shara saboda zafin ƙasa, muna kaiwa Maisamari na ga kowa yana laluben jaka yana ciro rigar sanyi, wata dattijuwa kusa da ni ta dube ni ta ce, "Ɗana, baƙo ne kai ko?" Tudun ya kai kusan mita 1,600 sama da teku, shi ya sa ganyen shayi ke yi a Kakara, kusa da Nguroje, inda za ka ga gonar a shimfiɗe har iyakar ganinka. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya da mita 2,419, yana yankin, cikin gandun dajin Gashaka Gumti, amma hawansa aikin kwanaki ne da ɗan jagora, ka bar shi sai wani zuwan. Mu 'yan Kaduna ma muna da alaƙa da wurin: ƙaramar hukumar sunanta Sardauna, domin yankin yana cikin Arewacin Kamaru da ya zaɓi shigowa Najeriya a ƙuri'ar 1961, aka kira lardin da sarautar Sir Ahmadu Bello.

Gaskiya ɗaya, a Disamba ciyawa ta fara bushewa, ba za ka samu koren nan na damina da ake gani a hotuna ba. Amma a lokacin ne hanyoyin ƙauye ke biyuwa, babu laka babu santsi.

In kana da ɗan'uwa a Agege ko Idi-Araba da zai ba ka wurin kwana, lissafin ya canja, ka je Badagry. In babu, da wannan guzurin naka da wannan watan, Mambila nake ba ka shawara. Kafin ka tashi ka leƙa Kasuwar Barci ka sayi rigar sanyi mai kauri da safa da hula, domin sanyin asubar Gembu ya wuce na hunturunmu. Ka kuma riƙe tsabar kuɗi a hannu, don a ƙauyukan sama sabis na ɗaukewa, mai acaɓa kuma ba zai tsaya jiran tiransifa ba.