Ƴaƴan wasan da suka lanƙwashe: tayil da bulo ko matsi mai noti?

Ɗan'uwa na ga tambayarka tun jiya, cewa ƴaƴan wasan nan masu kama da kwabo da Turawa ke amfani da su a kartar foka, waɗanda kuke buga draf da su a majalisarku ta Ƙofar Ƙaura, ka manta su a gaban mota cikin ranar Afrilu sun lanƙwashe suna ta rawa a kan allo, wai a danne su da tayil da bulo ne ya fi ko a haɗa matsi wajen mai walda. Duka biyun na yi da hannuna, don ni ma ina da saiti ɗaya da yara ke koyon lissafi da su kuma ina ji da su sosai.

Kafin komai ka kara musu maganaɗisu. In ya kama to masu ƙarfe a ciki ne, galibi masu nauyin giram 11.5, robarsu ba ta yin laushi sai zafi ya kai kusan digiri 100, kuma su ba kasafai suke lanƙwashewa ba ma. In bai kama ba, ko dai roba ce zalla mara nauyi ko kuma irin masu tsadar nan da ake ce wa na yumɓu, su kam zafi kaɗan ya ishe su, in ka matse su da sanyi kuma tsagewa za su yi.

Tayil da bulo dai ba ka kashe ko sisi. Ka samu ragowar tayil biyu wajen magina, ka jera ƴaƴan ɗaya ɗaya a kan gefen mai santsi, ka kifa ɗayan a sama ka aza bulo, ka bar su a rana tun hantsi. Matsalar ita ce nauyin bulon rabuwa yake a kan duka, wanda ya fi tudu shi ke ɗauke kayan sauran suna kwance ba abin da ya taɓa su. Nawa guda ashirin na sa, na ɗaga da la'asar tayil ɗin na da zafi har ba ya taɓuwa, na ga kamar sun miƙe, washegari wajen rabinsu sun koma yadda suke. Ashe ɗagawar da na yi da zafi ce ta ɓata aikin, don zafi laushi kawai yake sa su, miƙewar tana zama ne in sun huce a danne. In wannan za ka yi to ka bar su har asuba, kuma kar su wuce biyar ko shida a lokaci guda.

Matsi mai noti kuwa shi na fi yarda da shi wallahi. Falan ƙarfe biyu masu kauri kamar tafin hannu, mai walda ya huda kusurwa huɗu, a zura dogayen kusoshi masu zare da noti. Faɗin kowane ɗa milimita 39 ne, saboda haka ka yanko guntun bututun famfo inci ɗaya da rabi ya riƙe su a tsaye kar su zame, amma ka tafi da guda ɗaya shagon ka gwada ya shiga tukuna, kuma bututun ya ɗan gaza tsawon jerin in ba haka ba shi za ka matse ba su ba. Abin da mutane ke mantawa shi ne tsakanin kowane lanƙwasasshe sai ka sa abu miƙaƙƙe, ko lafiyayyen ɗa mai ƙarfe a ciki ko washa mai faɗi mai santsi, don in ka jera karkatattu kan karkatattu haka za su rungumi juna su huce a karkace.

Sai ka tsoma su cikin ruwan zafi kamar minti biyar, ba mai tafasa ba, irin wanda ya ɗan jima a filas, ka jera da sauri ka ɗaure notin da sifana a hankali, wannan kusurwa sannan kishiyarta da ke ɗaya ɓangaren, kamar yadda bakanike ke ɗaure taya. Da ka ji ya tsaya ka bari, in ka ƙara ƙarfi zanen da ke jikinsu zai shafe. Masu sitika a tsakiya kar su ga ruwa, ɗagowa take yi, su sai dai ka ɗaure su sama-sama ka aje matsin a rana ka ƙara juya notin da azahar.

Dutsen guga da wani ya ba ka shawara kuma don Allah ka rabu da shi, fuska ɗaya yake ƙonawa ya bar ɗayar. In guda uku ne ko huɗu suka ɗan karkata tayil ya wadatar, amma yadda ka ce kusan rabin akwatin ne, ka je wajen mai walda, ka fara gwadawa da guda biyu da suka fi lalacewa, su kwana a ɗaure kafin ka kwance.