Satifiket ɗin Coursera ko digiri ta intanet: wanne ya dace da mai aiki?

Ɗan'uwa, ka ce aiki ne ke cinye maka yini, kana kuma son ƙaro karatu, shi ne kake tambaya ko ka tara satifiket na Coursera da edX, wato shafukan da ke ba da gajerun kwasa-kwasai ta intanet, ko ka nemi gurbin digiri a jami'ar da ke koyarwa ta intanet. A allon kwamfuta kamarsu ɗaya, bidiyo ne da tambayoyi, sai dai kama da wane ba ta wane.

Bari a fara da ƙofar shiga. Buɗaɗɗen kwas ba ya tambayar takardunka, adireshin imel ya isa, yau ka yi rajista yau ka fara. Digiri kuwa sai ka nemi gurbi, ka tura takardar sakamakonka ta baya, wani lokaci da wasiƙun malaman da suka san ka, sannan ka jira farkon zango.

Sauƙin shigar nan shi ne kuma sauƙin fita. A 2011 Sebastian Thrun da Peter Norvig na Jami'ar Stanford suka buɗe kwas ɗinsu na ƙirƙirarriyar basira ga kowa, mutum kusan 160,000 suka shiga, kimanin 23,000 suka kai ƙarshe. Daga nan Udacity da Coursera da edX suka kunno kai a 2012. Wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2019, kan kwasa-kwasan jami'o'in Harvard da MIT a edX, ya gano cewa kashi 3 cikin ɗari da 'yan kai ne suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018, amma cikin waɗanda suka biya kuɗin satifiket, kusan rabi sun gama. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A mako na uku aiki ya taso, ka ɗage bidiyo biyu zuwa Asabar, Asabar ta zo da tata hidimar, ba kuma wanda zai tambayi ina ka shige. A tsarin digiri akwai wa'adin miƙa aiki, akwai malamin da ke duba shi ya ba ka maki, faɗuwa kuma za ta zauna a takardarka. Takurawa ce, amma ita ke kai yawancin mutane gaci.

Sai batun lokaci, inda aka fi yaudarar kai. Kwas guda na satifiket yakan ɗauki makonni kaɗan, da sa'o'i kaɗan a kowane mako. Digiri da kiredit ake auna shi. A Birtaniya kiredit ɗaya sa'o'i 10 ne na karatu, cikakken digirin farko kuma kiredit 360 ne, wato sa'o'i 3,600. A Open University, jami'ar Birtaniya mai koyarwa daga nesa wadda aka kafa a 1969, mai aiki yakan ɗauki kiredit 60 a shekara, sa'o'i 16 zuwa 18 ke nan a mako, na tsawon shekara shida. Digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta da Georgia Tech ta Amurka ta fara bayarwa ta intanet a 2014 kwasa-kwasai 10 ne. Kafin ka biya ko sisi, ɗauki takarda ka rubuta ainihin sa'o'in da za ka ware daga Litinin zuwa Lahadi. In ba su kai 10 ba, digiri zai wahalshe ka.

Jarrabawa ma ta bambanta. A buɗaɗɗen kwas yawanci na'ura ce ke gyara amsa, kana iya maimaitawa, rubutaccen aiki kuma ɗalibai 'yan'uwanka ne ke dubawa. A digiri sau da yawa ana sa maka ido ta kyamara: ka nuna katin shaida, ka zagaya da kyamarar a ga ɗakin, ka kwashe komai daga tebur, manhaja ta kulle sauran shafuka. A nan waya ba ta wadatarwa, sai kwamfuta mai kyamara da makirufo. Intanet na yankewa a tsakiya, a iya rufe jarrabawar ko a sa mata alamar tuhuma, don haka ka tanadi layi na biyu, ka cika batir, ka gwada manhajar kwana biyu kafin ranar. Ka kuma lura da bambancin agogo, domin wa'adin sha biyun dare na jami'ar ba lallai ya zama naka ba.

Babban abin dai shi ne nauyin takardar. Satifiket, ko da sunan babbar jami'a a kansa, yawanci ba ya ɗauke da kiredit. Yana nuna ka koyi abu, yana da amfani a sana'o'in da ake cewa nuna mana aikinka, irin su rubuta manhaja da nazarin bayanai. Amma inda sharaɗin ƙarin girma ko neman digiri na uku ya ce digiri, satifiket ashirin ba za su tsaya a madadinsa ba. Shi ma digirin sai an tona. Nemi sunan jami'ar a jerin hukumar da ke tantance jami'o'i a ƙasarta, ba a shafin jami'ar kanta ba, domin na bogi sun fi kowa iya ƙawata shafi. Sannan ka tambayi wurin aikinka, a rubuce, ko suna karɓar digirin da aka yi daga nesa.

A ganina, in ƙwarewa kake nema cikin wata uku, ɗauki satifiket. In takarda ce ta tsaya tsakaninka da matsayi na gaba, digiri ne maganin. In kuma kana kokwanto, akwai tsaka-tsaki: tsarin MicroMasters na edX, da MIT ta faro da fannin sarrafa jigilar kayayyaki, yana ba ka damar yin wani yanki na karatun digiri na biyu, wasu jami'o'i kuma su lissafa maka shi in sun ɗauke ka. Ka tabbatar jami'ar da kake hari tana cikin masu lissafawa kafin ka yi rajista.